Wa Ya Ce Zubar Da Magani Shi Ne Bangaskiya?



Mun san rubutun wannan mako ba zai yi wa wasu daɗi ba. Sau biyu muka zauna a zumunta muna ja-in-ja a kan ko mu fitar da shi ko mu bar kaza cikin gashinta. Wadda abin ya faru da ita ce ta raba gardamar. Ta ce mu rubuta, mu dai sakaya sunanta, domin kada wani ya sake faɗawa ramin da ta faɗa. To, ga shi mun rubuta, kuma laifin farko da za mu tona namu ne.

'Yar'uwar tamu tana cikin ƙungiyar mawaƙa. Shekara uku da suka wuce ta fara rama ba dalili. Gajiya ba ta sakinta, zufa takan jiƙa mata zane da dare ko cikin hunturu, kuma da ta yi loma biyu sai ta ji ciki ya cika, ga wani nauyi a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. An yi ta maganin zazzaɓin cizon sauro, an koma taifod, an sake komawa zazzaɓi. Sai da wani likita ya sa aka ƙidaya ƙwayoyin jininta, ya ga fararen sun ninka ƙa'ida nesa ba kusa ba, sannan ya tura ta Kano. Can aka ba ciwon suna: sankarar jini mai tafiyar hawainiya, wadda likitoci ke kira CML. Aka ɗora ta a kan ƙwayar da za ta riƙa haɗiya kowace rana. Cikin 'yan watanni nauyin cikin ya sauka, jiki ya murmure, ta dawo layin mawaƙa. Duka muka yi godiya ga Allah.

Bara aka yi taron farkawa na kwana uku, aka gayyato wani baƙon mai wa'azi daga nesa. A dare na ƙarshe ya ce Ruhu ya nuna masa akwai wadda magani ya ɗaure kamar akuya a turke. Ya ce duk mai shan ƙwaya kullum bai yarda da aikin gicciye ba tukuna. Ya sa aka kawo kwando gaban bagade. 'Yar'uwarmu ta fito tana kuka, ta ce, "Baba, likita ya ce kada in tsallake ko kwana ɗaya." Ya ce, "'Yata, wa ya fi girma, likitanki ko Allahnki?" Ta buɗe jaka, ta jefa maganin wata guda a kwandon.

Mu fa? Tafi muka yi. Mai ganga ya ƙara wuta, iyayenmu mata suka rangaɗa guɗa, wasunmu har hoto suka ɗauka suka sa a WhatsApp. Ba wanda ya tashi ya ce a dakata. A cikinmu akwai ma'aikaciyar jinya, akwai ɗalibai masu karatun kimiyya, akwai mai yi wa ƙasa hidima. Kowa ya ji tsoro kada a ce shi ne marar bangaskiya a ɗakin.

Watannin farko ta ji garau, har ta fi dā jin daɗin jikinta, domin tashin zuciyar da ƙwayar ke sa ta ya tafi. Ta ba da shaida a sujada, muka sake tafi. Kafin wata na biyar ya fita, zufar dare ta dawo, saifa ta sake kumbura. Da ta kira baƙon a waya, sai ya ce bangaskiyarta ce ta yi sanyi, ta ƙara azumi. Bayan nan bai sake ɗaukar kiranta ba. Mahaifiyarta ce ta sayar da tunkiya ta mayar da ita Kano. Cikin jinƙan Allah ciwon bai riga ya tsallaka zuwa mataki mai muni ba, an mayar da ita kan magani, amma nasarar da ta tara cikin shekara biyu ta zube, an koma farko. Shi kuwa mai kwandon yana can wani gari, wataƙila da sabon kwando.

Abin da muke so mu faɗa ba shi da kwana-kwana. Duk wanda ya umarci mai wannan ciwo ya zubar da maganinsa da sunan bangaskiya, koyarwar ƙarya yake yi, komai farin kwat ɗinsa, komai daɗin muryarsa. Mai haɗiyar ƙwayarsa kowace safiya yana gode wa Allah kuwa, ba ya bukatar ya nemi gafarar kowa.

Bari mu fara da ciwon kansa, domin rashin sani shi ne tsagar bangon da ƙadangare ya samu ya shiga. A cikin ɓargon ƙashi ake ƙera jini. Kowace ƙwayar halittar jikinmu tana ɗauke da wasu ƙunshe-ƙunshe na umarni da ake kira kuromosom, tagwaye 23. A mai CML, a cikin ƙwaya ɗaya ta ɓargo, wani yanki na lamba 9 da wani yanki na lamba 22 sukan yanke su yi musayar wuri. Wannan haɗin yana haifar da wani sinadari mai ba ɓargo umarni ya yi ta ƙera fararen ƙwayoyin jini ba tsayawa, kamar famfon da makunninsa ya lalace. Masu bincike biyu, Peter Nowell da David Hungerford, su suka fara ganin wannan gurɓataccen kuromosom a birnin Filadalfiya na Amurka a 1960. A 1973 wata likita a Shikago, Janet Rowley, ta gano cewa musaya ce tsakanin 9 da 22. Shi ya sa ake tunawa da masu wannan ciwo a duniya ran 22 ga watan 9 kowace shekara.

Ku lura da abin da wannan yake nufi. Ciwon ba a ɗaukarsa ta ƙoƙon ruwa, ko kwanon tuwo, ko musafaha. Ba a gadonsa daga iyaye kamar sikila, kuma mai shi ba ya ba 'ya'yansa. Kishiya ba ta jefo shi ba, maƙwabci bai binne shi a ƙofar gida ba. Canji ne da ya auku a cikin ɓargo bayan an haifi mutum.

A dā, yawancin masu wannan ciwo ba sa wuce 'yan shekaru kaɗan bayan an gano shi, domin yakan tashi daga tafiyar hawainiya ya rikiɗe ya zama mai gudu, wanda ke da wuyar tarewa. Sai aka samo maganin da ake kira imatinib, wanda kamfanin Novartis ya fitar da sunan Glivec, likita Brian Druker kuma ya jagoranci gwajinsa. Amurka ta amince da shi a watan Mayu na 2001. Aikinsa shi ne ya toshe bakin wancan sinadari mai ba da umarnin ɓarna. Yau wanda aka gano ciwonsa da wuri, ya kuma riƙe magani da gaske, yana iya kaiwa tsawon rai kusan daidai da na sauran mutane. Ya yi karatu, ya yi sana'a, ya ga jikoki.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Ƙwayar tana danne ciwon ne, a yawancin mutane ba ta tumɓuke saiwarsa. Mutum zai ji lafiya sarai, ƙidayar jininsa ta daidaita, alhali ragowar miyagun ƙwayoyin suna nan kwance a ɓargo kamar garwashi cikin toka. Shi ya sa 'yar'uwarmu ta yi watanni tana jin garau bayan ta daina sha. Jin daɗin jiki ba shi ne shaidar warkewa ba. Wani bincike da aka yi a asibitin Hammersmith na Landan, wanda ya fito a 2010, ya nuna cewa masu tsallake fiye da kashi ɗaya cikin goma na maganinsu, wato fiye da kwana uku a wata, da ƙyar suke kaiwa ga sakamakon da ake nema. In tsallake kwana huɗu a wata yana da wannan haɗari, ina ga wanda aka ce ya juye duka a kwando? Kuma yawan sha-a-daina yana iya ba ciwon zarafin koyon yadda zai bijire wa maganin, har a koma neman wani da ya fi tsada, ya fi wuyar samu.

Yanzu mu zo ga Littafi Mai Tsarki, tunda da shi aka yi mana barazana. Ayar da masu wannan koyarwa suka fi so ita ce ta Sarki Asa a 2 Tarihi 16, wanda ya yi ciwon ƙafa ya nemi masu magani bai nemi Ubangiji ba. Ku karanta surar daga farkonta. Asa ya kwashe azurfa da zinariya daga Haikali ya sayi taimakon sarkin Suriya. Da Hanani maigani ya tsauta masa, sai ya jefa shi kurkuku. Mutum ne da ya riga ya juya wa Allah baya a kowane fanni, ciwon ƙafar ya zo ya same shi a haka. Laifinsa ƙin neman Ubangiji ne. 'Yar'uwarmu kuwa ba ta taɓa fashin addu'a ba tun ranar da aka gaya mata sunan ciwonta. Ina haɗin ta da Asa?

Ga wani sarki kuma, Hezekiya. Ya yi ciwo har bakin mutuwa, ya juya fuskarsa ga bango ya yi kuka, Allah ya ƙara masa shekara 15. Annabi Ishaya, wanda ya kawo saƙon warkewar da bakinsa, shi ne kuma ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun. Kuna iya dubawa a 2 Sarakuna 20. Annabin gaskiya ya kawo alkawari a hannu ɗaya, magani a ɗaya hannun, bai ga wani saɓani tsakaninsu ba. Manzo Bulus, wanda Allah ya yi mu'ujizai ta hannunsa, ya ba Timoti shawarar abin da zai riƙa sha saboda ciwon cikinsa da yawan laulayinsa. Ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Abokin tafiyarsa Luka likita ne, kuma da ƙauna yake ambatar sana'arsa a wasiƙar Kolosiyawa. Shi kansa Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin da zai ɗauke ta. Wa zai tashi a cikinmu ya ce Bulus ƙaramin mai bi ne?

Akwai wuri guda a Linjila da aka ce wa wani ya jefar da kariyarsa domin ya nuna ya dogara ga Allah. A kan ƙololuwar Haikali ne, a Matiyu 4, kuma kun san wanda ya kawo shawarar. Har aya ya jawo daga Zabura don ya ƙawata ta. Ubangijinmu ya ƙi yin tsalle, ya kira abin da sunansa, wato gwada Allah. Kwandon da aka ajiye gaban bagadenmu ƙololuwar Haikali ce, mu kuma muka tsaya a ƙasa muna tafi muna cewa ta diro.

Wani zai ce, "Ashe ku matasan nan ba ku gaskata Allah yana warkarwa ba?" Mun gaskata. Muna addu'a dominta kowane mako, kuma in ta kira dattawan ikilisiya su shafa mata mai kamar yadda wasiƙar Yakubu ta koyar, za mu tsaya tare da su mu ce amin. Amma warkarwar Allah ba ta tsoron gwaji. Da Yesu ya warkar da kutare goma, wurin firistoci ya aike su, domin su ne masu duba fata a wancan zamani, su ne masu tabbatarwa. Yau akwai gwajin jini mai suna PCR da ke auna ragowar ciwon ko ya ragu ƙwarai. In Allah ya taɓa ɓargon mutum, takardar gwaji za ta nuna, likita zai gani da idonsa, shaidar kuma za ta fi ƙarfi. Hasali ma likitoci da kansu sukan gwada dakatar da maganin ga wasu da suka yi shekaru gwajinsu yana fitowa da tsabta, suna auna jininsu a kai a kai. A wani bincike da aka yi kan haka a Faransa, wanda ya fito a 2010, ciwon ya dawo wa kusan shida cikin goma, yawanci cikin wata shida, aka yi maza aka mayar da su kan magani. Waɗannan fa zaɓaɓɓu ne, likita na tsaye a kansu. To, wane ne wannan da zai yanke hukunci daga kan bagade, bai ga takarda ba, bai ma san sunan ciwon ba, gobe kuma ya hau mota?

Kada mu ɗora komai a kan baƙo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun kafin ya zo mun riga mun gajiyar da 'yar'uwarmu da bakinmu. Wannan magani yakan sa fatar wasu baƙaƙen mutane ta yi haske, sai aka fara raɗa cewa ta shiga shafe-shafe. Yakan kumbura fatar ido da safe, aka ce kwana take yi tana kuka saboda wani abin da take ɓoyewa. Ana shansa da abinci da ruwa mai yawa don kada ya dami ciki, saboda haka ba ta iya azumin yini da mu, aka ce ta yi sanyi a ruhaniya. Wata uwa ta ja ta gefe ta ce, "'Yata, ki bincika zuciyarki, ko akwai abin da ba ki tuba ba." Wannan tambaya almajirai sun riga sun yi ta a kan mutumin da aka haifa makaho, a Yahaya 9, Yesu kuma ya kawar da ita: ba zunubinsa ba ne, ba na iyayensa ba. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai a zaune shiru tare da shi, a nan suka yi daidai. Da suka buɗe baki suna nemo masa laifi, Allah ya husata da su. Mutumin da aka yi shekara biyu ana yi masa kallon mai laifi, in aka nuna masa ƙofar da zai fita daga zargi cikin dare ɗaya, zai bi ta ko da rami ne a bayanta.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba ma son yi a ɗakin sujada. A 2003 aka fara ba masu wannan ciwo a Nijeriya Glivec kyauta, ta wani shiri na Novartis da gidauniyar Max, kuma shekaru da yawa asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife shi ne cibiyar karɓa. Ku auna wannan tafiya daga Daura, daga bakin iyakar Nijar har ƙasar Yarabawa. Ko zuwa Kano ta Kazaure, ko zuwa Katsina, ga kuɗin mota, ga na gwaji, ga na kwana, ga yinin aiki da ya tafi. Wanda ke Baure ko Zango ko Mai'aduwa ko Sandamu sai ya fara biyan kuɗin isowa Daura tukuna. Mai ciwon da ya gaji da wannan ɗawainiya, in aka ce masa ga warkewa kyauta yau da dare, ba wauta ce ke sa shi ya miƙa hannu ba, gajiya ce. A daren nan mun tara wa baƙo baiko mai kauri, har da kuɗin mai. Ba mu taɓa tara wa 'yar'uwarmu kuɗin mota zuwa asibiti ko sau ɗaya ba. Direban da ya rage mata kuɗi a tasha ranar da aka mayar da ita Kano Musulmi ne, maƙwabciyar da ta riƙa kai wa ƙannenta abinci ita ma Musulma ce. Basamariyen da Yesu ya yaba ya zuba mai da ruwan inabi a raunuka, ya ɗora mutum a kan dabbarsa, ya biya mai masauki, ya kuma yi alkawarin cika sauran. Mu muka yi waƙa.

Wannan koyarwa ta ƙin magani ba gadonmu ba ce. Waɗanda suka kawo bishara ƙasar nan da akwatin magani suka zo. Ma'aikatan mishan na SIM sun yi jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina tun shekarun 1930, suka buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950, wanda har yau yake aiki. Da yawa daga cikin kakanninmu a bakin ɗakin shan magani suka fara jin sunan Yesu. Yaushe muka fi su bangaskiya, har za mu raina abin da suka ba da ransu a kai?

Ga abin da muka ƙudura a zumuntarmu, muna kuma roƙon sauran zumuntai su duba. Duk ranar da wani ya tsaya gabanmu ya ce mai ciwo ya bar magani, ɗayanmu zai tashi cikin ladabi ya ce a'a, sauran kuma mu tsaya bayansa. Mun kai wa Baba Fasto da dattawa roƙo cewa a riƙa gaya wa kowane baƙon mai wa'azi wannan ƙa'ida tun kafin ya hau bagade, sun kuwa karɓa. Mun buɗe asusu, kowa yana saka abin da ya samu a ƙarshen wata, domin kuɗin mota da na gwaji. Ranar asibiti mutum ɗaya zai raka ta. Lokacin azumi ba mai tambayarta ko ta ci ko ba ta ci ba. In maganar aure ta taso, ita da wanda zai aure ta za su zauna da likita, domin maganin yana iya cutar da ɗan tayi, kuma akwai yadda likitoci ke tsara wannan. Mu namu addu'a ne da rufe baki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ke kuma 'yar'uwa, da kai ɗan'uwa da ke karanta wannan da kwalin magani a ƙarƙashin matashi kana jin kunyarsa, ku tuna da manna a Fitowa 16. Allah yana da ikon ya cika wa Isra'ilawa rumbu na shekara arba'in a yini ɗaya. Bai yi haka ba. Kowace safiya sai sun fita sun tsinci na ranar, gobe su sake fita. Ba wanda ya ce mai fita tsintar manna marar bangaskiya ne. Haka ƙwayarki take. Allahn da ya ba masu bincike basira, ya ratsa da maganin nan teku da hamada har ya iso hannunki a Daura, shi ne yake ciyar da ke rana bi rana. Ki sa ta a tafin hannu, ki yi godiya, ki haɗiye da ruwa, ki tafi aikinki.

Ranar Lahadin da ta wuce ta tsaya a layin mawaƙa, muryarta ba ta gama dawowa ba. Bayan an tashi muka je wurinta mu duka, muka ce, "'Yar'uwa, ki gafarce mu, mun yi tafi lokacin da ya kamata mu riƙe hannunki." Ta ce ta yafe tun tuni, ta kuma tuna mana cewa ranar asibitinta ta kusa, a san wanda zai raka ta.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana shirun da muka yi saboda tsoron mutane. Ka warkar da marasa lafiyarmu ta hanyar da ka ga dama, ko nan take, ko ta hannun likita, ko ta ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ka ba likitoci da ma'aikatan jinya hikima, ka sa wa maƙwabtan da suka taimake mu albarka, ka kuma ba mu ƙarfin hali mu ce a'a ga duk wanda zai sa ɗanka ya gwada ka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.